Me ya sa jirgin takarda ke soka hanci a ƙasa, kuma yaya ake gyara shi?

Baban Yara:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya a kan wani abu da wasu za su ɗauka wasan yara ne, amma ya zame mana aikin yamma a gida tun da aka ba da hutu. Muna naɗa jirgin takarda ni da yara, kuma samfuri ɗaya na sani, wato mai dogon hancin nan da kowa ya koya a firamare. Damuwar ita ce, wani jirgin da zarar ya bar hannu sai ya soka hanci a ƙasa, wani ya yi sama kamar zai lula sannan ya tsaya cak ya faɗo, wani kuma ya yi ta karkata gefe ɗaya har ya daki bango. Babban yarona ya dage cewa samfurin ne ba shi da kyau, a nemo wani a YouTube. Shin sirrin yana cikin samfuri ne, ko takarda, ko jifa?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka gaya wa yaron ya dakata da neman sabon samfuri, domin ciwo uku ka lissafa, kowanne yana da maganinsa, kuma babu wanda ke buƙatar sabuwar takarda. Abin da ke raba wanda ya iya da wanda bai iya ba shi ne abin da yake yi wa jirgin bayan jifan farko, ba yawan samfuran da ya haddace ba.

Wanda ke soka hanci a ƙasa, nauyin gabansa ne ya rinjayi abin da fukafukansa ke ɗagawa. Ka kama gefen baya na kowane fiffike da babban yatsa da manuniya, ka ɗan lanƙwasa shi sama, lanƙwasar da da ƙyar ido zai gane. Iskar da ke bi ta saman fiffiken za ta daki wannan wurin ta danna bayan jirgin ƙasa, hancin kuma ya ɗaga. Wanda ke hawa sama ya tsaya ya faɗo kuwa kishiyar na farko ne: ko dai lanƙwasar ta yi yawa, ko gabansa bai da isasshen nauyi. Hanci ya ɗaga fiye da kima, iska ta daina bin bayan fiffike ta watse, gudu ya ƙare, sai ya rikito. Wani lokaci za ka ga yana hawa yana sauka sau biyu ko uku kafin ya taɓa ƙasa, duk ciwon ɗaya ne. Ka rage lanƙwasar, idan bai daina ba ka ninke tsinin hancin ciki domin takarda ta ƙara taruwa a gaba. Na ukun, mai karkata, fukafukansa ne ba su yi daidai da juna ba. Ka riƙe shi daidai da idonka ka duba shi ta baya, za ka ga ɗaya ya fi ɗaya ɗagawa ko ya murɗe. Idan dama yake ja, ka ɗan ɗaga gefen baya na fiffiken hagu, idan hagu ne ka yi akasin haka.

Sharaɗin kawai shi ne a gyara abu ɗaya, a jefa, a duba, kafin a taɓa na biyu. Yara sukan lanƙwasa nan su murɗe can a lokaci guda, idan jirgin ya tashi ba su san dalili ba, idan ya faɗi ma haka.

Hajiya Mai Ɗinki:
Malam ya yi bayani mai kyau, amma da izininsa, ya fara daga tsakiyar zance. Yawancin jiragen da ke karkata tun a ninkin farko aka ɓata su. Idan layin tsakiya ya kauce ko da kaurin farce ne, duk ninkin da zai biyo baya a kan wannan kuskuren zai hau, kuma lanƙwasar baya ba za ta iya biyan bashin duka ba. A naɗa a kan tebur ko faranti mai santsi, ba a kan cinya ko tabarma ba. A haɗa kusurwa da kusurwa tukuna, a danne da yatsa, sannan a bi layin da bayan farce ko gefen rula har ya yi kaifi. Kuma kada a ninke wuri a warware a sake, domin takarda ba ta manta layin da aka yi mata.

Batun takarda kuma, ta fotokwafi mai girman A4 ta fi kowacce. Jarida ta yi laushi, fukafukanta langaɓewa suke yi. Kwali da takardar kalanda sun yi nauyi, ba sa karɓar ninki da yawa a hanci. Kuma ku lura da lokaci: a hunturu takarda tana bushewa ta yi ƙarfi, ninki yana zama daram, amma a tsakiyar damina takan sha danshi ta yi laɓo-laɓo, jirgin da ya tashi da safe ya ƙi tashi da yamma.

Dattijon Zaure:
Ina biye da ku, amma ku yi haƙuri da tsoho. Mu da muka tashi muna fere kara muna haɗa mota da jirgi, muna lanƙwasa langa-langa, ba mu taɓa sayen kayan wasa ba, kuma abin da muka ƙera yakan yi mako ana wasa da shi. Wannan na takarda minti biyar ne ya zama shara. Ban da haka, duk malamin makaranta ya san inda tsakiyar littafin rubutun yara ke tafiya. Uba ya sayi littafi mai ganye sittin, kafin rabin zango ya koma ashirin. Yanzu kuma iyaye da kansu za su zauna su koya musu? Ina ganin wannan almubazzaranci ne da aka sa masa rigar ilimi.

Hajiya Mai Ɗinki:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarku tana kan hanya game da littattafai, kuma ni ma ban yarda a yage ko ganye ɗaya ba. Sai dai ba a buƙatar sabuwar takarda. Duk shagon fotokwafi da ofis suna da tarin takardun da aka buga gefe ɗaya aka yi watsi da su, waɗanda ƙarshensu wajen mai ƙosai ko mai tsire ne. Jirgi bai damu da rubutun da ke jikinsa ba. Abin da zan ja hankali a kai shi ne babba ya duba takardar kafin ya miƙa wa yaro, kada ta zama mai ɗauke da aya ko sunan Allah, domin abin da za a jefa ƙasa a tattaka ne. Haka ma takardar da ke da sunayen mutane da lambobinsu, ba ta dace ta yi ta yawo a layi ba.

Injiniya:
Ranka ya daɗe Dattijo, jirgin kara yana koyar da hannu, wannan babu musu, kuma abin takaici ne yadda ya ɓace. Amma jirgin kara ba ya tashi, ja ake yi ko a ɗaga shi a hannu. Na takarda kuwa iska ce ke yi masa hukunci nan take, kuma dokokin da take bi wajen hukuncin su ne dai take bi da jirgin da ke tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano.

Wannan ba zuzutawa ba ce. George Cayley, Baturen Ingila da ya fara rarrabe abubuwa huɗun da ke aiki a kan jirgi, wato nauyi da ɗagawa da turawa da tirjiyar iska, da ƙaramin samfuri marar inji ya gwada tunaninsa a 1804, yana cilla shi da hannu, kuma har da nauyin da ake matsarwa gaba ko baya a jikinsa. Abin da Malamin Kimiyya ya ce a yi da ninke hanci, shi Cayley yake yi shekaru fiye da 200 da suka wuce. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, su ma a 1901 sun koma gwada ƙananan fukafukai a cikin wani akwati da fanka ke hura wa iska a garin Dayton, kafin jirginsu ya tashi a ranar 17 ga Disamba, 1903.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban sha'awa. Jirgin gaske yana da ƙananan fukafukai a wutsiya da ke hana shi kifawa, na takarda kuwa ba shi da su, amma yana tafiya lafiya. Masu bincike a Jami'ar New York, ƙarƙashin Leif Ristroph, sun wallafa aiki a kan wannan a 2022. Sun gano cewa a kan siririn fiffike shimfiɗaɗɗe irin na takarda, wurin da iska ke turawa yana matsawa gaba ko baya gwargwadon yadda hanci ya ɗaga ko ya sunkuya, kuma matsawar tana mayar da jirgin kan hanya da kanta, muddin nauyinsa ya taru a wurin da ya dace. A gwajinsu da shimfiɗaɗɗen falle, wurin da ya kamata nauyin ya taru yana wajen rabin tazarar da ke tsakanin tsakiya da bakin gaba. Idan nauyin ya koma tsakiya sai fallen ya yi ta alkafura, idan ya wuce gaba sosai sai ya nutsa. Saboda haka duk ninke-ninken da muke yi a hanci ba ado ba ne, tara nauyi ne.

Abu ɗaya da ba a ambata ba: ku dubi tantabara idan ta daina kaɗa fukafukai tana saukowa kan rufi, za ku ga ta ɗaga su sama, ƙarshensu ya fi kafaɗarta tsayi. Haka ya kamata jirgin takarda ya kasance idan an dube shi ta baya. Yawancin yara suna barin fukafukan a sunkuye, kuma irin wannan jirgin da ya ɗan karkata sai ya zarce ya juye rigingine. Idan suna ɗage, fiffiken da ya yi ƙasa yakan samu ƙarin ɗagawa ya dawo da jirgin daidai. A tuna kuma cewa jikin jirgin yana buɗewa idan ya bar hannu, don haka a ɗaga su fiye da yadda ido ke so.

Dattijon Zaure:
To, na ji, Injiniya. Idan takardar da za a zubar ce, kuma yaro zai san dalilin abin da yake yi, na janye rabin maganata. Rabin da na riƙe shi ne na littafin makaranta, da kuma tsinin nan da suke cilla wa juna a fuska. Ido ba shi da sauyi.

Ɗalibin Zariya:
Gaskiya ne Baba, kuma ninke hancin da Malam ya ce yana maganin wannan ma. Ina so in ƙara wa masu ganin abin ƙarami ne cewa akwai manyan mutane da suka ba shi shekaru. A watan Fabrairun 2012, a Kalifoniya, wani tsohon ɗan ƙwallon Amurka mai suna Joe Ayoob ya jefa jirgin da John Collins ya tsara, ya yi mita 69.14, hukumar kundin bajintar duniya ta Guinness ta rubuta. Wannan bajinta ta tsaya shekara goma, sai a Afrilun 2022 wasu mutum uku, biyu 'yan Koriya ta Kudu ɗaya ɗan Malesiya, suka kai mita 77 da ɗoriya a birnin Daegu. Kafin shekarar ta ƙare, a Disamba, Dillon Ruble da abokansa biyu suka kai mita 88.31 a jihar Indiyana. A ɓangaren daɗewa a sama kuma, Takuo Toda na Japan ya yi daƙiƙa 29.2 a Fukuyama a 2010, bayan Ken Blackburn ya daɗe yana riƙe da 27.6 da ya yi a 1998. Tashin farko na jirgin Wright da Injiniya ya ambata daƙiƙa 12 ne, mita kusan 37, ke nan falle ɗaya na takarda ya ninka shi a lokaci da kuma nisa.

Don haka ni ina bayan yaron Baban Yara. Samfuri yana da muhimmanci. Da gyaran baya kaɗai ne sirrin, da waɗannan mutane ba su ɓata watanni suna tsara sababbi ba.

Injiniya:
Ɗalibi, alƙaluman da ka kawo daidai ne, amma kwatancen da jirgin Wright akwai zalunci a ciki, domin shi ya ɗauki mutum da inji ya tashi daga ƙasa da ƙarfin kansa. Kuma ka lura da wani abu a jerin naka. Jirgin Collins mai faɗin fiffike ne, an cilla shi ya hau sama, sannan ya kwanta ya yi shawagi har ya kai inda ya kai. Na Ruble kuwa siriri ne ƙwarai, an tara takardar wuri ɗaya, kuma su da kansu sun ce daga jirage masu ninka gudun sauti suka ɗauko siffarsa. Yawancin tafiyarsa ƙarfin dantse ne. Ban raina aikinsu ba, injiniyoyi ne, sun san abin da suke yi, amma a wurina wanda ya fi kusa da mashi bai kai wanda ya yi shawagi burgewa ba. Idan nisa kaɗai ake nema, wanda ya dunƙule takarda ya wurga zai doke yara da yawa a unguwa, kuma babu wanda zai ce ya yi jirgi.

Ɗalibin Zariya:
Yallaɓai, da girmamawa, dunƙulen takarda ba zai yi mita 88 ba ko wane ne ya jefa shi, domin tirjiyar iska za ta cinye gudunsa tun a farko. Rage wannan tirjiyar, tare da hana jirgin juyawa a irin wannan gudu, shi ma ilimin jirgi ne. Gasar Red Bull Paper Wings, wadda ake ƙarewa a Salzburg ta ƙasar Ostiriya, shi ya sa ta raba abin gida uku: nisa, daɗewa a sama, da wasan juyi a iska. Kowanne da samfurinsa da jifansa. Mai neman daɗewa kusan tsaye yake cilla nasa sama da iya ƙarfinsa, domin ya samu tsayi kafin ya kwanta, mai neman nisa kuma a karkace yake jifa.

Malamin Kimiyya:
Ku biyun kuna magana ne a kan babban ɗakin taro marar iska da mutum mai dantsen ɗan wasa, shi kuwa Baban Yara tsakar gida yake da ita da yara. Na yarda da Ɗalibi cewa samfuri yana sa iyaka ga abin da jirgi zai iya, amma mutanen da ya lissafa ba su kai waɗannan alƙaluma da jifan farko ba, gyara suka yi ta yi a kan samfuri ɗaya. A gida, inda fili bai wuce 'yan mitoci ba, mai faɗin fiffike ya fi amfani, domin a hankali yake tafiya, yaro yana iya ganin abin da ke faruwa da shi. Mai dogon hanci kafin ka kifta ido ya daki bango, babu abin da aka koya.

Ga wanda nake koya wa ɗalibaina, ana kiransa makullin Nakamura, da sunan wani gwanin naɗa takarda ɗan Japan. Ka ninke takardar biyu ta tsawo ka buɗe. Ka kawo kusurwoyin sama biyu kan layin tsakiya, kamar yadda aka saba. Maimakon ka ci gaba da sirantar da shi, sai ka kifo da wannan kan mai kusurwa uku gaba ɗaya ƙasa, takardar ta koma kamar ambulan. Ka sake kawo sababbin kusurwoyin sama su haɗu a layin tsakiya, amma ka bar ɗan tsinin da ka kifo yana leƙowa a ƙarƙashinsu. Ka ɗaga wannan tsinin ka danne su da shi, shi ne makullin da ke hana jirgin warwarewa. Sannan ka ninke shi biyu ta baya, makullin yana waje, ka saukar da kowane fiffike har bakinsa ya yi daidai da ƙasan jikin. Ka riƙe shi a wajen makullin, ka tura shi gaba a miƙe da sassauci, ba wurgi ba. Hancinsa ba shi da tsini, don haka damuwar Dattijo ta ragu. A kashe fanka kafin a fara.

Baban Yara:
Allah ya saka da alheri, Malam. Wata tambayar: na ga wasu suna maƙala fil na sitefula ko salatif a hanci. Wannan ya halatta a wasan, ko maguɗi ne?

Hajiya Mai Ɗinki:
A wurina maguɗi ne. Daɗin abin shi ne falle ɗaya da hannu biyu, babu almakashi babu gam. Wanda ya iya ninki zai samar da nauyin daga jikin takardar. Kuma ƙarfe a hancin abin da yara ke jefawa a falo, inda ƙannensu ke rarrafe, ban ga hikimarsa ba.

Injiniya:
Game da ƙarfe ina tare da Hajiya, sai dai idan gwaji ake yi a gaban babba. Fallen A4 na fotokwafi nauyinsa wajen giram 5 ne kacal, don haka ɗan kilif guda na maƙale takardu yana sauya ma'aunin jirgin sosai, kuma matsar da shi gaba da baya ita ce hanya mafi sauƙi ta nuna wa yaro abin da na faɗa a sama. Salatif kuwa ko Guinness ta yarda da ɗan guntu a gasar nisa, saboda jifa mai ƙarfi yana buɗe jikin jirgi. Su Toda, masu bin tsarin naɗin Japan na gargajiya, sun fi girmama wanda babu yanka babu manni. Kowane gida ya zaɓi dokarsa tun kafin a fara, kada rigima ta tashi bayan wani ya ci.

Ɗalibin Zariya:
Tunda maganar doka ta zo, me zai hana kowa ya gwada samfurin Malam a ƙarshen mako ya kawo sakamako? A tsaya a layi ɗaya, a auna da taku ko da tayil ɗin falo.

Malamin Kimiyya:
Shawara mai kyau, amma taku ba ma'auni ba ne, na uba da na yaro ba ɗaya ba ne. A yi amfani da tef ɗin awo, Hajiya ma tana da shi a wuya. A auna daga layin jifa zuwa inda jirgin ya fara taɓa ƙasa, ba inda ya tsaya bayan ya zame ba, domin mai tayil zai cuci mai tsakar gida ta ƙasa. Kuma a saki jirgin daga tsayi ɗaya, misali daidai kafaɗar babba, a rubuta tsayin tare da nisan, domin nisa a raba da tsayi shi ke nuna ingancin shawagi, ba nisa kaɗai ba.

Hajiya Mai Ɗinki:
Tef ɗina santimita 150 ne, Malam, sai an yi ta ɗagawa ana sake shimfiɗawa. Wanda ke da maƙwabci magini ya aro nasa mai tsawo. Kuma a raba gasar biyu, ta masu salatif daban, tamu daban.